Mudi Mai Ganga da Taken Manu

Mudi mutumin Maska ne. Ubansa makaɗin noma ne, kakansa ma haka, shi ma ya tashi ya tarar da gangar a rataye a zaure, bai tambayi kowa wace sana'a zai yi ba. Gonarmu tana iyaka da tasu, don haka na san shi tun kafin ya yi gemu. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙara wata magana sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa.

Wanda bai tashi a karkara ba sai an ɗan yi masa bayani. A da, in mai gona ya kira gayya, samari da magidanta sukan taru da garemani su yi masa huɗa, makaɗi yana biye da su yana zuga su. Kowane gwanin noma yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ya tsara dominsa shi kaɗai. Ba a buga wa wani taken wani. Mai take in ya ji an taɓa nasa, ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu, ya amsa da kirari, ya kama garma. Shi ya sa makaɗi ba ya buga take sai mai shi yana inda zai ji. Buga taken wanda ba ya nan kamar ka tsaya ƙofar gidan mutum ne kana ta sallama, alhali ka san ya yi tafiya. Ba haramun ba ne. Ba a dai yi.

A cikin duk taken da Mudi ya tsara, babu kamar na Manu. Manu amininsa ne tun ƙuruciya, dogo, asalinsu Fulani ne da suka daɗe da zama, Fulatancin ma sai na gaisuwa ya rage a gidan. Takensa yana farawa a hankali, kamar mai tafiya cikin taɓo, sai ya tsaya cak a wurin da ba ka zata ba, sannan ya zubo gaba ɗaya. A cikin wannan tsayawar ne Manu yake amsawa. Yakan ɗaga garma sama ya yi wata irin kuwwa da ake ji har bakin rafi. Mata masu kawo fura sukan tsaya da ƙwarya a ka har sai ya sauke hannu.

Daga baya gayya ta yi ta ja da baya. Maganin feshi ya zo, garmar shanu ta yawaita, masu hali suka koma hayar tarakta. Gonakin da ke nesa da gari kuma, kowa ya san abin da ya sa aka rage zuwa. Damina takan zo ta wuce ba a kira Mudi ba sai jefi-jefi. Ya koma noman waken soya a 'yar gonarsa, da rani kuma ya yi dako a kasuwar hatsi. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Na dai lura ya daina shafa wa igiyoyin gangar mai.

Ana cikin haka Talha ya zo masa da magana. Talha ɗan ƙanwarsa ne, yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tasha a Funtuwa, in an yi biki kuma ya ɗauki fiyano ya je. Yaro ne mai kunne. Ya tara tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fata na Amurka, irin masu tafiya a hankali ɗin nan da mawaƙi ke yi kamar yana roƙo, yana cewa sunansu sol. Yana da aboki Mannir mai kaɗa jita, da wata yarinya Naja'atu daga Malumfashi da ta gama makarantar koyon aikin jinya amma waƙa ta fi jan ta. Abin da suke so shi ne su haɗa wancan salon da kiɗan rawa na zamani da kuma wani abu na gida.

"Kawu, kai muka rasa," in ji Talha. "Gangar da ke cikin fiyano ba ta da rai. Kamar ana buga bokiti."

"Ni da kiɗan biki? Ina ni ina 'yan mata?"

"Ba 'yan mata za ka yi wa ba. Mu za ka yi wa."

"Ku noma kuke yi?"

"In ka zo sai mu fara."

Ya je. Suka sa wa ƙungiyar suna Samarin Mairuwa, saboda madatsar ruwan da ke kan hanyar Gusau inda suke zuwa gwaji don kada maƙwabta su yi ƙara. Naja'atu ta ce sunan zalunci ne.

"Ni ba saurayi ba, Baba Mudi ba saurayi ba. Mannir kuwa da wannan sanƙon, Allah kaɗai ya san shekarunsa."

"Sanƙon ilimi ne," in ji Mannir.

"To ilimin ya kusa kaiwa ƙeya."

Farkon abin bai yi daɗi ba. A bikin farko da suka yi a Danja, manya suka ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, yara suka ce ya cika sanyi, ba a iya rawa da shi. Uwar amarya ta aiko a ce su tsaya a kunna waya. A Ƙafur janareta ya mutu, aka bar Mudi shi kaɗai da ganga da muryar Naja'atu, kuma a ranar ce mutane suka fara matsowa. Talha ya ga haka ya riƙe. Ya rage ƙarar fiyano, ya tura ganga gaba, ya bar jita tana bi a baya kamar mai rakiya. Sannu a hankali aka fara kiransu Bakori, Malumfashi, har Zariya. Mudi ya sayi sabuwar hula. Matarsa ta ce ya fara waƙe-waƙe a banɗaki.

Da suka ga sun yi ƙwari, suka tafi Kaduna ɗaukar waƙoƙi a sitidiyo. Akwai wata waƙar soyayya da Naja'atu ta rubuta, Sanyin Marka, wadda ta ƙi zama. Sun gwada kiɗa iri-iri, mai ɗaukar sautin yana girgiza kai. Can ya ce wa Mudi ta cikin gilashi, "Baba, manta da waƙar. Buga mini abin da ka fi so a duniya."

Mudi ya ce da ni bai yi tunani ba, hannunsa ne ya tafi. Ya buga taken Manu. Da ya iso wurin tsayawar nan, ɗakin ya yi tsit, sai ya ji kunya ta kama shi, don babu mai amsawa. Mai ɗaukar sautin kuwa ya miƙe tsaye yana cewa kada a taɓa komai, an samu.

Da ya dawo Maska bai kwana da abin ba, ya je ya gaya wa Manu. Ya same shi yana gyaran ƙotar fartanya.

"Na yi maka laifi. Na kira ka a Kaduna."

"A Kaduna? Ina nan Maska? Ashe shi ya sa kunnena ya yi ta ƙaiƙayi ranar Talata."

"Sau ɗaya ne."

"To wa ya amsa?"

"Babu."

"Ka ga ni. Duk Kaduna ba namiji." Manu ya yi dariya har yana tari. "Je ka, na yafe. Amma in an ba ka goro, rabi nawa ne."

A wurin Mudi magana ta ƙare ke nan. Shi duk rayuwarsa kiɗa abu ne da ke tsayawa in ka sauke hannu. Ya san ana ɗaukar sauti, ba yaro ba ne, yana da rediyo. Amma sanin abu a ka daban, saninsa a jiki daban. Ya buga sau ɗaya, ya nemi gafara sau ɗaya, an yafe.

Da kaka ta zo, Manu ya tafi karyar masara a gonarsa ta nesa, wadda ke wajen daji. An hana shi, ya ce ba zai bar wa birai guminsa ba. Da la'asar aka tarar da kekensa a jingine da buhunan da ya fara cikawa. Masu gona kusa sun ce sun ji ƙarar babura. Aka zauna jiran kira, don su mutanen dajin, masu satar mutane, sukan kira. Ba su kira ba. Waɗanda aka sako daga baya an bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Wani ya ce ya ga dogon mutum mai kama da shi, wani ya ce bai gani ba. Ba a yi zaman makoki ba, don ba a ce ya mutu ba.

A cikin waɗannan watanni ne Sanyin Marka ta tashi. Gidan rediyo ya fara sa ta, sai masu tura waƙa a waya suka ɗauka, sai 'yan acaba. Yara suka ƙirƙiro wata rawa: in kiɗan ya tsaya cak, kowa ya daskare, in ya zubo a zube tare. Aka yi ta ɗaukar bidiyo ana yaɗawa. Mai shayi yana da ita, mai aski yana da ita, motar tallan maganin gargajiya ma da ita take shiga kasuwa. Aka gayyaci Samarin Mairuwa gidan talabijin, aka kai su Abuja, aka kai su Maraɗi. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa sun buɗe sabuwar hanya a kiɗan Arewa. Mai yiwuwa gaskiya ne. Ni ban san kiɗa ba.

A Maska akwai waɗanda suka san abin da suke ji. Ba su da yawa, yawancinsu masu furfura ne. A cikinsu akwai Hansai, mahaifiyar Manu.

Manu ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ko da abin ya faru, masu zuwa jaje ita ke ba su haƙuri. Mudi yakan je gaishe ta duk Juma'a. Wata Juma'a ina wurin, muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, sai wani ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida da waƙar a lasifikarsa. Hansai ta ajiye faifan, ta miƙe, ta yi taku kaɗan wajen zaure. Kiɗan ya tsaya. Ita ma ta tsaya, kanta a karkace. Da ya zubo, sai ta dawo ta zauna ta ɗauki faifan.

Jikarta ta gaya mini daga baya cewa kullum haka take yi, ko tana alwala.

"Mudi," in ji Hansai, ba ta ɗago ba. "Kai ke kiran abokin naka?"

"Ba ni ba ne, Inna. Waya ce."

"Hannun wa ke cikin wayar?"

Da za mu tafi Mudi ya durƙusa ya ce mata, "Inna, na yi miki alkawari. Hannuna ba zai sake buga taken ba sai mai shi ya dawo ya amsa da bakinsa." Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari ya hau mota zuwa Funtuwa wurin Talha.

"A cire waƙar nan."

"A cire ta daga ina, Kawu?"

"Daga inda kuka sa ta."

Talha ba mugun yaro ba ne, kuma ya san Manu, ya sha fura a gidansu. Ya kama hannun kawunsa ya zaunar da shi. "Wallahi da zan iya da na yi. Ta fita hannuna. Ko yau na faɗi na mutu, gobe za ka ji ta a tasha."

Mudi bai yarda ba. Ya bi rumfunan masu tura waƙa da ke bakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su goge. Wasu suka goge a gabansa don girmamawa, yana juya baya suka mayar. Wani ya gane shi ya ce sai sun yi hoto. Wani ya ce, "Baba, ka taɓa ganin an mayar da hayaƙi cikin itace?" Ya koma Maska da yamma, a motar da ya shiga ma waƙar direban ya kunna.

Bai bar ƙungiyar ba a lokacin. Yana da iyali, kuma yana son yaran. Suka yi sharaɗi: zai buga kowace waƙa, amma ban da wannan. In an matsa, Naja'atu ta rera ta da jita kawai. Haka suka yi ta yi, jama'a suna gunaguni. A Kano an jefe su da robar ruwa. Mannir ya fara cewa ba za a kashe kasuwar mutum uku saboda alkawarin mutum ɗaya ba. Naja'atu ta ce masa ya rufe baki, ba uwarsa ce ke tashi tsaye ba. Suka yi kwanaki ba sa magana. Talha ya nemo wani matashin makaɗi ya koyi taken, amma duk lokacin da ya zo wurin tsayawar sai ya yi gaggawa, abin ya fita ba daɗi.

Bayan babbar salla wani attajirin hatsi ya buɗe injin casar shinkafa a bayan garin Funtuwa, ya kira Samarin Mairuwa su yi wasa da la'asar. Wannan ne karon farko da za su yi babban wasa a gida tun da suka yi suna. An gayyace mu, dattawan unguwanni, aka ba mu kujeru a gefen dandamali. Filin ya cika har kan katanga. Mutanen Maska sun zo da yawa a kan babura, suna can baya, don sun iso a makare.

Sun yi waƙoƙi huɗu ko biyar lafiya. Sai aka fara kiran Sanyin Marka. Naja'atu ta fara ta da jita, jama'a suka ce ba haka ba, da ganga. Attajirin da kansa ya aiko yaronsa ya raɗa wa Talha magana a kunne. Na ga Talha ya juya ya dubi kawunsa. Mudi ya girgiza kai, ya ajiye sandar kiɗa a ƙasa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa.

Talha ya daɗe yana kallon fiyanonsa. Sannan ya danna wani abu.

Taken Manu ya fito daga manyan lasifikoki, da hannun Mudi, wanda aka ɗauka a Kaduna. Filin ya ɗauki ihu. Mudi yana zaune da ganga a gabansa, bai motsa ba, kiɗansa yana tafiya ba shi. Mu da ke kusa mun ga hannuwansa. Na baya ba su gani ba. Sun dai ga Mudi a kan dandamali da ganga, sun kuma ji take.

Kafin ya isa Maska labari ya riga shi. An ce Mudi ya karya alkawari a gaban dubban mutane saboda attajiri. Wasu da ya yi wa kiɗa shekara da shekaru suka daina amsa gaisuwarsa da kyau. Na faɗi abin da na gani a masallaci da wurin zaman yamma, wasu suka yarda, wasu suka ce ai ni maƙwabcin gonarsa ne.

Talha ya zo har gida ya durƙusa. "Kawu, da ban danna ba da sun farfasa kayan. Ka ga yadda filin yake."

"Na gani."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Ku tafi da kiɗan, tunda yana aiki ba ni. Ni na gaji da mota."

Daga ranar bai sake hawa dandamali ba. Samarin Mairuwa suna nan suna ci gaba. Sun ƙara mai busa da wata mai amshi, sun koma Kaduna da zama, an ce har ƙasashen waje ana jin su. Talha yana aiko wa kawunsa rabonsa, ba ya fashi. Naja'atu takan kira shi a waya ta ce, "Baba, wannan na'urar ba ta yi mini tsawa in na yi kuskure, na rasa mai gyara ni." Yakan yi dariya ya ce ta gaida Mannir da sanƙonsa.

Ya je wurin Hansai ya gaya mata ba hannunsa ba ne. Ta ce ta sani, an gaya mata. Ta ce ba ta riƙe shi da komai ba. Amma ta rame, kuma ta daina zama a tsakar gida, ta koma can ƙuryar ɗaki inda ƙarar titi ba ta isa sosai.

Damina biyu sun wuce a haka. A farkon ta bana ta aika a kira shi, ta ce in zo ni ma in zama shaida. Akwai abin da ake yi a wajenmu in mai take ya rasu: bayan an share makoki, makaɗi yakan je gonar mamacin da 'yan uwansa, ya buga taken sau ɗaya, a yi addu'a, shi ke nan an ajiye shi, ba mai sake jiran amsa. Abin da ta nema ke nan.

"Ka je gonarsa ta kusa ka ajiye shi," in ji ta. "In an ajiye, ko na ji a waya na san ba kira ba ne. Ƙafafuna sun gaji."

"Inna, ba a ce ya rasu ba."

"Ba a ce ba."

"In na buga, ni na faɗa ke nan."

"Wani dai sai ya faɗa. Ni ba zan iya ba, bakina bai saba da sunansa ba."

Matar Manu tana bayan labule, muna jin numfashinta. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Mudi ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "To, Inna. Amma fatar gangar ta saki, ruwa ya taɓa ta. A bar ni in sake mata fata tukuna."

Ta ce to.

An yi shuka, an yi noman farko, an yi huɗa. Yanzu masara ta fara bushewa. Duk lokacin da Hansai ta aika, sai ya ce bai samu fatar kirki ba, ta mahautan yanzu duk wuƙa ta ɓata ta. Kwanan baya na shiga zaurensa neman aron igiya, ya shiga ciki ɗauko mini. Gangar tana rataye. Na ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa, a hankali. Ta amsa tangaran, ba inda ta saki. Da ya fito na karɓi igiyar, muka yi maganar farashin taki, na tafi.